Kafin alƙalami ya shiga, takardar inshora ba ta fito ba: durƙushewar kamfanin Porter Davis

Ranar Juma'a 31 ga Maris 2023 kamfanin gina gidaje na Porter Davis, da ke Melbourne babban birnin jihar Victoria a Ostireliya, ya durƙushe. Ba ɗan kwangilar unguwa ba ne mai lebura uku da baro ɗaya. Tun 1999 yake gini, kuma ana lissafa shi na 12 cikin manyan masu gina gidajen kwana a ƙasar baki ɗaya. An miƙa shi hannun akantocin Grant Thornton su tattara abin da ya rage su raba wa masu bin bashi, a ranar kuma aiki ya tsaya cak a gidaje sama da 1,500 a Victoria da kimanin 200 a jihar Queensland. Akwai wasu kwangiloli 779 da aka riga aka sa wa hannu amma ko ramin harsashi ba a tona ba. Cikin ma'aikata kusan 470, an sallami 410 nan take.

Kamfani ya karye ba sabon abu ba ne, kasuwa ta gaji haka. Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci a zauna a dube shi shi ne inda ya faru. Victoria jiha ce da a takarda ba abin da ba ta tanadar wa mai sayen sabon gida ba: magini sai da rajista, kuɗin kafin alƙalami an ƙayyade shi, garanti yana cikin doka, inshora kuma dole ce. Duk da haka iyalai kusan 560 suka wayi gari ba gida, ba kuɗi, ba kuma wanda doka ta ɗora wa biyansu.

Sai an san yadda tsarin yake a 2023 kafin a gane inda ya ɓule. Dokoki biyu ne ginshiƙai, dokar gini ta 1993 da dokar kwangilar gidajen kwana ta 1995. Duk aikin gida da ya haura dala 10,000 (dalar Ostireliya ake nufi a duk wannan bayani) sai maginin da ke da rajista a hukumar gini ta jihar, wadda a lokacin ake kira VBA. Dokar 1995 ta cusa wasu alkawura cikin kowace kwangila ko an rubuta su ko ba a rubuta ba: aiki zai kasance mai inganci, kaya masu kyau kuma sababbi sai in an yi yarjejeniyar akasin haka, gida zai zaunu idan an gama. Magini ba shi da ikon goge waɗannan alkawura, kuma suna bin gidan ko an sayar wa wani. Ana iya kai ƙara a kansu har shekara 10.

Biyan kuɗi ma ba yadda magini ya ga dama ba ne. Idan kwangila ta kai dala 20,000 ko fi, kafin alƙalami ba ya wuce kashi 5 cikin ɗari. A tsarin da doka ta shimfiɗa, sauran kuɗin na bin aiki ne: kashi 10 idan an zuba daɓen harsashi, 15 idan an kafa ƙwarangwal ɗin katako, 35 idan an yi rufi an sa ƙofofi da tagogi har gida ya kullu, 25 idan an gama kayan ciki irin su silin da kabad da ƙofofin ɗakuna, sai ragowar 10 ranar karɓar makulli. Hikimar a fili take, kada kuɗin mai gida ya riga aiki nisa.

Sai inshora, wadda ita ce tsakiyar wannan labari. A lokacin, duk aikin da ya wuce dala 16,000 sai an yanka masa inshorar gini da sunan mai gidan. Tana biya har dala 300,000, tana ɗaukar aibin da ya taɓa ƙashin gini na shekara 6, ƙananan aibobi kuma shekara 2. Mafi yawan wannan inshora hukumar gwamnatin jihar ce mai suna VMIA take bayarwa a wancan lokaci. Amma akwai sharuɗɗa biyu da mai saye bai cika lura da su ba sai ranar da ya buƙace su. Na farko, inshorar ba ta motsi muddin magini yana nan da ransa da kamfaninsa. Sai ya mutu, ko ya ɓace, ko ya karye, ko (a inshorar VMIA ta shekarun baya-bayan nan) ya ƙi bin umarnin kotu. Wannan ƙunci ya samo asali ne daga rushewar babban kamfanin inshora HIH a 2001. A 2002 aka taƙaita tsarin don kamfanoni masu zaman kansu su yarda su ci gaba da bayarwa, duk da haka suka yi ta janyewa har gwamnati ta shigo da VMIA a 2010. Sharaɗi na biyu shi ne wanda ya kashe mutane da ransu: magini ne yake zuwa ya yanko inshorar. Kuɗinta cikin farashin gida yake, daga aljihun mai saye yake fita, amma hannun da ke kai shi na magini ne.

Yadda kamfanin ya kai ga faɗuwa ba shi da wani sirri. A watan Yuni 2020, ana tsakiyar annobar korona, gwamnatin tarayya ta fito da tallafin HomeBuilder, dala 25,000 ga wanda zai gina sabon gida. Daga Nuwamba 2020 babban bankin ƙasar ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 0.1. Mutane suka yi dafifi, manyan kamfanoni suka yi ta karɓar kwangila a kan tsayayyen farashi. Kafin a fara ginin, katako da ƙarfe sun yi tashin gwauron zabi, kafintoci da birkiloli sun yi wuyar samu, ruwan sama na shekaru a jere ya jinkirta aiki a gabashin ƙasar. Dokar Victoria kuma ta hana sa sharaɗin ƙarin farashi a kwangilar da ba ta kai dala 500,000 ba, doka ce mai kyau ga mai saye, sai dai tana nufin magini zai gina gidan 2022 da kuɗin 2020. Zuwa Maris 2023 kuɗin ruwa ya koma kashi 3.6, sababbin masu saye sun ja baya. Kamfanin da ke cike giɓin tsohon aiki da kuɗin sabon ciniki, ranar da sabon ya ƙafe sai asiri ya tonu. Kafin Porter Davis an riga an ga faɗuwar wasu kamfanonin gini, Privium da Probuild da Condev da Snowdon. An yi ta neman mai saye ko mai zuba jari har kwanakin ƙarshe, ba a dace ba.

A filayen ginin da ke sababbin unguwannin bayan Melbourne, abin ya zo a mummunan lokaci. Afrilu kaka ce a can, sanyi da ruwa na tafe. Gidajensu galibi da katako ake kafa su kafin a zagaye da jan bulo, don haka kangon da aka bari ba rufi ba kamar kangon bulon siminti ba ne da zai shekara biyar yana jiran mai shi. Katako ne a tsaye yana shan ruwa, yana kumbura, yana murɗewa, kullum darajarsa na raguwa. Ƙananan 'yan kwangila da masu kawo kaya, waɗanda su ma kamfanin ya tafi da kuɗinsu, wasu suka koma suna kwashe abin da suke ganin nasu ne. Jaridun Melbourne sun ba da labarin gidajen da aka ɓalle wa kaya, da waɗanda aka buɗe wa famfo aka bar ruwa ya malale ɗakuna. Mai gida, wanda bai ci kuɗin kowa ba, shi ya koma kwana da ido ɗaya yana gadin kango, yana kuma biyan haya a inda yake zaune da kuɗin ruwan banki a kan gidan da bai shiga ba.

Waɗannan duk da wahalarsu suna da inda za su kai kuka, domin an fara musu aiki, inshorarsu na nan. Masu kafin alƙalami ne suka ga ta kansu. Da suka tuntuɓi VMIA da lambar kwangilarsu, sai aka ce ba a san da su ba.

Ga yadda hakan ta yiwu. Ƙa'ida ta ce magini ya yanki inshora kafin ya karɓi kuɗin mutum. Amma wurin da ake duba takardar a zahiri wuri ɗaya ne: lokacin neman izinin gini, inda jami'in da ke ba da izini ba zai sa hannu ba sai ya ga shaidar inshora. Tsakanin ranar biyan kafin alƙalami da ranar neman izini kuwa akwai tazara. A sababbin unguwanni mutum kan sayi fuloti tun ba a yanka tituna ba, ya jira watanni, wani ma fiye da shekara, kafin takardar mallaka ta fito. Porter Davis ya riƙa karɓar kashi 5 ɗin, ya jinkirta yankar inshora sai an zo neman izini. A wannan tsakanin kuɗin mutane na cikin asusun kamfani ana juya su, ba abin da ya tsaya musu. Ba mai dubawa, kuma dokar ba ta fito da wani laifi ƙarara mai hukunci a kan karɓar kuɗi ba tare da inshora ba. Ranar da kamfanin ya faɗi, waɗannan iyalai suka zama masu bin bashi na gama-gari, a can ƙarshen layi, bayan banki da ma'aikata. Wanda ya san yadda ake rabon dukiyar kamfanin da ya karye ya san abin da ke isa ƙarshen layi.

A ganina nan ne ainihin ɓarakar, kuma ba a rashin doka take ba. An ɗauki garkuwar mai saye an damƙa wa wanda ake so a kare shi daga gare shi, aka ce shi zai miƙa masa idan ya ga dama. Muddin kamfani na da lafiya jinkirin ba ya cutar da kowa, shi ya sa al'adar ta daɗe ba a ji ɗuriyarta ba. Kamfanin da kuɗi suka fara yanke masa kuwa shi ne ya fi kowa dalilin jinkirta duk wani biya da ba a tsare shi a kai ba. Wato kariyar takan ɓace daidai lokacin da ake dab da buƙatarta. Za a iya cewa ai mai saye na da haƙƙin neman kwafin takardar, har ma ya duba lambarta a shafin VMIA na intanet. Gaskiya ne. Amma matashi da matarsa da suka shekara biyar suna tari, suka shiga gidan nuni mai ƙyalli na kamfanin da ya shekara ashirin da huɗu yana gini, aka ajiye musu kwangila mai kauri a gabansu, ba su da dalilin zargin cewa abin da doka ta ce dole ne ba a yi shi ba.

Wannan ya tuna mini da kawuna, da ya biya kashi na farko na wani gida a rukunin gidajen da ake tallarsu tun suna zane a takarda, a gefen Abuja. Na ce, “Kawu, in aikin nan ya tsaya, wa zai mayar maka da kuɗinka?” Ya ɗaga rasit ya ce, “Haba ɗana, mutanen nan fa da rajistarsu, ofishinsu ma hawa biyu ne.” Rasit ɗin na nan cikin jakarsa, filin kuma ciyawa ta rufe shi. A Najeriya ma akwai majalisar rajistar magina, CORBON, tun 1989, amma rajista daban, wanda zai biya ka daban. Mu koma Melbourne.

Waɗanda ke da inshorar ma ba su tsira da sauƙi ba. Abin da take biya a lokacin don ƙarasa aikin da aka bari bai wuce kashi 20 na farashin kwangila ba. A ɗauki misali da gidan dala 400,000 da aka tsaya bayan kafa katako. Mai shi ya biya 20,000 da 40,000 da 60,000, jimla 120,000, saura 280,000 a hannun banki. Sabon magini ya zo ya duba. Ba zai karɓi aiki a tsohon farashi ba, tunda tsohon farashin ne ya kashe na farko, kuma zai ɗauki alhakin harsashin da ba shi ya zuba ba da katakon da ya sha ruwa. A ce ya nemi 400,000 don ya ƙarasa. Giɓi ya zama 120,000, inshora ta tsaya a 80,000, ragowar 40,000 sai mai gida ya koma banki da kuɗin ruwan da ya ninka. Kuɗin haya da inshorar ke ɗauka kuwa na kwana 60 ne kawai. Ga kuma jira: dubban buƙatu sun sauka kan VMIA a lokaci guda, kowane gida sai an aika mai duba aiki, a lissafa aibobi, a nemo farashin ƙarasawa, a yi jayayya a kan abin da ke aibi da abin da ke aikin da ba a gama ba, domin kowanne da ma'auninsa. Koke-koken jinkiri da ƙarancin abin da aka yanka wa mutane sun yi yawa har suka kai gaban majalisar jihar.

Abin sha'awa, kamfani ɗaya ne ya faɗi a jihohi biyu, sai aka samu damar gwada tsari biyu a kan cuta ɗaya. A Queensland hukuma guda, QBCC, ita ke ba da lasisi ita kuma ke riƙe da asusun garanti. Magini ne yake kai kuɗin a can ma, amma kariyar ba ta rataya a kan ya kai ko bai kai ba. Da zarar ka ƙulla kwangila da magini mai lasisi ka shiga ƙarƙashinta, in bai biya ba tsakaninsa da hukuma ne. Ba kuma sai magini ya mutu ko ya karye ba kafin a saurare ka. Queensland na tilasta wa masu lasisi su riƙa kai bayanin kuɗinsu duk shekara, su nuna suna da kadarar da ta dace da girman aikin da suke karɓa. Wannan bai hana reshen kamfanin na can tafiya tare da uwarsa ba, don haka kada a ɗauka duba asusu maganin karyewa ne. Abin da tsarin ya yi shi ne ya toshe ramin da mutanen Victoria suka faɗa.

A tsakiyar Afrilu iyalan suka taru a matakalar majalisar jihar da kwalaye. Ranar 20 ga watan gwamnatin firimiyan jihar na lokacin, Daniel Andrews, ta sanar da ware dala miliyan 15 don mayar wa kusan iyalai 560 kafin alƙalaminsu, kamar dai an yanka musu inshorar tun farko. Aka ce taimako ne na sau ɗaya. Bai tsaya a ɗaya ba. Da farko sai aka gano wasu da suka biya kashi 3 a kan wata yarjejeniyar share fage kafin ainihin kwangila, su ma aka shigar da su. Daga nan abokan cinikin wasu kamfanonin da suka karye a wannan shekarar kuɗi, irin su Snowdon da Hallbury, suka ce su ma haka aka yi musu, aka faɗaɗa shirin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba halin kamfani ɗaya ba ne. A Janairu 2024, wata tara bayan duk wannan hayaniya, Montego Homes ya faɗi, aka sake samun mutanen da suka biya ba inshora, aka sake faɗaɗawa.

Ban ga laifin biyan mutanen ba. Gwamnatin da ta ce abu dole ne sannan ta kasa duba ko ana yi tana da nata kason alhaki. Sai dai a san wanda ya biya: mai biyan haraji, wanda wataƙila shi kansa haya yake. Sauran nauyin kuma ya sauka kan masu gini na gaba, domin VMIA ta ƙara kuɗin inshorar da kimanin kashi 43 a Satumba 2023, ta sake ƙarin da ya fi wannan a 2024.

Maganar lasisi fa? Rajistar Porter Davis lafiyarta ƙalau har safiyar da ya faɗi. Duk wanda ya duba sunansa a rajistar hukuma ranar Alhamis zai ga komai daidai. Lasisi na shaida cewa akwai wanda ya san gini a kamfanin, kuma yana ba hukuma abin da za ta ƙwace idan an yi ba daidai ba. Ba ya faɗa maka ko kuɗinka na yau rufin wani za a yi da su gobe. Barazanar ƙwace lasisi kuma tana aiki ne a kan mai son ci gaba da sana'a. Kamfanin da ya riga ya mutu ba ya tsoron a soke masa rajista. Akwai ma wani abin dubawa: mai ba da inshorar kan tantance ƙarfin kuɗin magini ya ƙayyade masa yawan aikin da zai riƙe a lokaci guda, amma aikin da aka kai masa kawai yake gani. Ɗaruruwan kwangilolin da aka karɓi kuɗinsu ba a yanka musu inshora ba, ba sa cikin littafinsa.

Gyaran ya zo kashi-kashi. A Fabrairu 2024 majalisar Victoria ta mayar da karɓar kuɗi ba tare da inshora ba laifi mai zaman kansa, tararsa ta kai kusan dala 96,000 ga mutum, kusan 480,000 ga kamfani. A 2025, ƙarƙashin Jacinta Allan da ta gaji Andrews, aka yi babbar dokar kare masu saye. Daga 1 ga Yuli 2025 aka haɗe hukumar VBA da ofishin sasanta rigingimun gini da sashen inshorar gidaje na VMIA suka zama hukuma ɗaya mai kula da gini da aikin famfo, kusan irin tsarin Queensland. Dokar ta tanadi inshorar da mai gida zai iya nema tun magini yana nan, ta ba hukumar ikon tilasta gyara ko bayan an tare a gida, ta kuma sa masu gina dogayen benaye su ajiye kashi 2 na kuɗin gini a matsayin jingina. Wannan na ƙarshen ya taɓo wani tsohon rami da rikicin Porter Davis bai ma shafa ba: benen da ya wuce hawa uku dama can ba ya cikin inshorar dole, mai sayen ɗaki a cikinsa ba shi da ita ko da magininsa ya bi kowace ƙa'ida.

Gidajen kuwa an bi su ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Nostra ya karɓi wani ɓangare na rukunin gidajen da ake ginawa a jere, wasu manyan magina irin su Simonds da Metricon suka ɗauki na ɗaiɗaikun mutane a kan sabon farashi. Masu kafin alƙalami da aka mayar wa kuɗinsu sun karɓi daidai abin da suka bayar, suka koma kasuwa neman magini a farashin 2023.